Godiya ga waɗanda suka kama mini har manhajar ta tashi

Alhamdulillahi, manhajar lissafin kaya da na rubuta wa kantin kawuna ta fara aiki a kwamfutarsa. Da Python, harshen rubuta manhaja, na rubuta ta, na ɗaure ta da PyInstaller, wato abin da ke tattara kayan manhaja wuri ɗaya, ta zama fayil guda na .exe da ake dannawa ya buɗe, don kada sai an saka masa Python. A wajen ɗaurin nan na sha wuya, kuma 'yan uwa ne suka fitar da ni.

Na fara da babban yayanmu a wannan sana'a. Da na kai masa kukan cewa ina danna fayil ɗin baƙin allo yake ƙyaftawa ya ɓace, sai ya ce: "Ƙanena, bar linzamin nan. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka kira ta daga can, da bakinta za ta faɗa maka ciwonta." Haka kuwa aka yi, ModuleNotFoundError ya fito ƙuru-ƙuru, wato saƙon cewa ba a ga wani ɓangare da manhajar ke buƙata ba. PyInstaller layukan import, inda manhaja ke ambaton kayan da take buƙata, yake bi yana tattara kaya, abin da ake kira sai manhaja na cikin gudu ba ya ganinsa. Umarnin --hidden-import, da ake faɗa masa sunan abin da bai gani ba, shi ya kashe wannan. Yaya, Allah ya ƙara ilimi.

Wadda ta fi ɗaga mini hankali ita ce ta ɓacewar lissafi. A shigar da cinikin yini, a rufe, a sake buɗewa, wayam! Wata 'yar'uwa ce ta gano bakin zaren. Fayil gudan nan da ake ɗaurewa da umarnin --onefile yana zazzage kansa ne a wani wurin wucin gadi mai suna da ya fara da _MEI, yana share shi idan an rufe, kuma a can rumbun SQLite ɗin da ke adana lissafin yake zaune. Ta ce hoton rasit da manhajar ke amfani da shi ya zauna can, a neme shi ta sys._MEIPASS, mai nuna adireshin wurin, amma rumbun a mayar da shi APPDATA, wurin da Windows ya ware wa manhajoji su adana bayanansu. Cikin dare ta amsa mini, ko sanina ba ta yi ba. Malama, Allah ya saka da alheri.

Kwamfutar kawu kuma Windows 7 ce, ta ce ba ta ga wani fayil na Windows mai suna api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll ba. Wani aboki ya tuna mini tun Python 3.9 na 2020 aka daina tafiya da Windows 7, na sake ɗauri da 3.8. Shi ne ma ya hana ni ɗauko dll ɗin daga intanet barkatai.

Kawu, na gode da haƙuri. Wanda duk ya sa baki ban ambace shi ba, ya yafe ni. Allah ya bar zumunci.