Lokacin da uwar garke ta yi shiru

Shekaru kaɗan da suka wuce na yi aiki cikin wata ƙaramar tawaga da ta rubuta manhajar waya ga wakilan wani kamfanin raba kayan masarufi, waɗanda ke zagaye shaguna a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita suna ɗaukar oda. A ofis, inda intanet ɗinmu ke da ƙarfi, komai yana tafiya daidai. Mako guda da sakin manhajar sai ƙorafi ya fara zuwa, kuma kalamansa kusan iri ɗaya ne: wakili ya danna aikawa, ƙaramar da'irar nan ta fara juyawa, shi yana tsaye a gaban mai shago, ba a ce ta tafi ba, ba a kuma ce ta ƙi ba. Wani daga cikinsu ya ce mini gara a faɗa masa babu sabis ya koma ga takarda da biro, da a bar shi yana zaman jiran gawon shanu.

Laifin nawa ne, domin ni na rubuta ɓangaren da ke buɗe soket, wato kafar haɗi tsakanin waya da uwar garke (babbar kwamfutar da ke karɓar odoji), kuma ban sa masa wa'adin jira ba. Na ɗauka cewa idan haɗin bai yiwu ba, na'ura za ta sanar da ni nan take. Hakan gaskiya ne a yanayi ɗaya kawai, wato idan saƙon ya isa uwar garke alhali babu manhajar da ke sauraro a wannan ƙofa, sai ta mayar da ƙunshin RST, wato ɗan saƙon ƙin haɗi, kuskuren kuma ya bayyana cikin ƙiftawar ido. Amma idan ƙunshin SYN, wanda shi ne sallamar farko cikin musabaha mai matakai uku ta TCP, ƙa'idar da na'urori ke bi su haɗu a intanet, ya ɓace a hanya ko wata katangar tsaro ta haɗiye shi, babu wanda zai ce uffan. A tsarin da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urori da dama har da wayoyi, ya daɗe yana zuwa da shi, za a maimaita sallamar sau 6, ana ninka tazarar daga daƙiƙa 1 zuwa 2 zuwa 4, har jimillar jiran ta kai kimanin daƙiƙa 127 kafin a haƙura. Ga na'ura minti biyu ba komai ba ne, amma ga mutumin da mai shago ya zuba wa ido, ya isa a fasa ciniki.

Na sa wa'adin daƙiƙa 10 ga buɗe haɗi, na ɗauka an gama. Ba a gama ba, domin wa'adin buɗe haɗi dabam, wa'adin karanta amsa dabam, kuma a Java, harshen rubuta manhaja, sifili a wannan wuri yana nufin jira ba iyaka. Wakili zai iya samun haɗi lafiya a bakin titi, ya shiga lungun kasuwa sabis ya ɗauke, soket ɗin kuma ya ci gaba da zama a buɗe a ganin wayar, tunda babu saƙon rufewa da ya iso. TCP yana da hanyar leƙa ko ɗaya ɓangaren yana raye, sai dai ba a kunne take ba sai an nema, kuma ko an kunna ta, a Linux sai bayan daƙiƙa 7200 na shiru take fara tambaya, wato awa biyu cur.

Ko wa'adin karatun ma yana da wayon da ban lura da shi ba sai da na zauna da rajistar ayyukan wata waya. Abin da yake aunawa shi ne tsawon shirun da ke tsakanin wani guntun amsa da mai bi masa, ba jimillar lokacin da buƙatar ta ɗauka ba. A wurin da waya ta koma 2G, harafin E ya fito a saman allo, amsa takan riƙa zuwa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo yana mayar da agogon farko, har a shafe mintuna wa'adin bai cika ba. Dole muka ƙara wa'adi na uku wanda ya rufe aikin gaba ɗaya, tun daga neman adireshi a DNS, kundin adireshin intanet, wanda shi ma yana iya maƙalewa kafin a kai ga soket, har zuwa harafin ƙarshe na amsa.

Babban darasin kuwa daga maganin da na yi ya fito. Na tsara cewa idan wa'adi ya cika, manhajar ta sake aikawa da kanta har sau uku. An yi gudun gara an tadda zago. Wata safiya mai kula da sito ya kira yana tambayar dalilin da wani ƙaramin shago zai nemi katan 40 na taliya sau uku cikin minti guda. Da muka duba, odar farko ta isa, uwar garke ta rubuta ta, amsar ce ta ɓace a hanyar dawowa. Wayar ta ɗauki shirun a matsayin gazawa, ta sake aikawa, uwar garke kuma ta karɓi kowacce a matsayin sabuwa. Hausawa kan ce shiru ma amsa ce, amma a wannan fage cikar wa'adi ba ta gaya wa manhaja ko aikin ya yiwu ko bai yiwu ba. Abin da ta sani kawai shi ne ba ta ji komai ba. Idan wa'adin buɗe haɗi ne ya cika, babu bayanin da ya fita, don haka sake gwadawa ba shi da haɗari. Idan kuwa an riga an aika buƙatar, ana iya kasancewa a kowane hali cikin biyun.

Gyaran da muka yi shi ne kowace oda ta samu lambar shaida tata tun lokacin da wakili ya rubuta ta, a ajiye lambar a cikin wayar, kuma duk maimaicin da za a yi ya tafi da ita. Uwar garke idan ta ga lambar da ta taɓa gani sai ta mayar da amsar farko ba tare da ta sake rubuta komai ba. Mun kuma canza saƙon da ke fitowa a allo daga "Ba a aika ba" zuwa "Ba a samu tabbaci ba tukuna", domin saƙon farko ne ke sa wakilai su sake shigar da odar da hannunsu, abin da ke haifar da sabuwar lamba ya rushe dabarar baki ɗaya. A tsakanin maimaici muka riƙa ninka tazara tare da ɗan ƙarin lokaci da ke bambanta daga waya zuwa waya, saboda kada dukan wayoyin su afka wa uwar garke a daƙiƙa ɗaya da zarar ta farfaɗo.

Wani abokin aikina ya so a mayar da kowane wa'adi daƙiƙa 3 don manhajar ta zama mai kuzari, ni kuwa ban yarda ba, har yanzu kuma ina kan ra'ayina. A sabis mai rauni, ɓacewar sallama biyu a jere ta isa ta cinye daƙiƙa ukun, sai a yanke haɗin da saura ƙiris ya yiwu. Mun tsaya a kan 10 ga buɗe haɗi, 15 ga karatu, 30 ga aikin gaba ɗaya, bayan mun duba lokutan da wayoyin wakilai suke ɗauka a zahiri, ba lokutan ofis ba.

Hanyar gwajinmu ma ta sauya. A da kashe uwar garken gwaji muke yi, wanda ke ba da ƙin amincewa nan take, yanayin da bai taɓa zama matsalarmu ba. Daga baya muka koma sa dokar DROP, wato jefarwa, a iptables, katangar tsaron Linux, domin ƙunshin bayanai su ɓace ba tare da amsa ba, muna kuma amfani da netem, kayan gwajin hanyar sadarwa, wajen ƙara jinkiri da asara. Akwai kuma wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da muka kulle a 2G, wadda kafin a saki kowane sabon zubi sai wani ya sauka da ita ƙarƙashin matakalar bene, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ya aika oda goma, sannan mu ƙirga ko goma ne suka isa sito.