Furen Kwatano a tsakar gidanmu na Agadas

Reshe biyu yayata ta kawo mini daga Kwatano, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ibiskus ne, mai jan fure faɗin tafin hannu. Danginsu ɗaya da yakuwa da rama da kuɓewa, sai dai yakuwa ta saba da wahala, shi kuwa ɗan ƙasar ruwa ne.

Guda ya mutu mini a watan Mayu, har yau abin na raina. A fili na dasa shi, ina ta ɗura masa ruwa safe da yamma, a zatona ƙishi ne kaɗai ke damunsa. Ashe rana ce. Idan zafi ya haura digiri 40, iska mai ƙuna ta taso bayan azahar, ruwan da ganye ke fitarwa ya fi wanda saiwa ke iya jawowa, ko da ƙasar a jiƙe take. Furannin suka yi ta kakkaɓewa tun suna a dunƙule, bakin ganyen ya ƙone, sannan reshen ya bushe.

Na biyun na mayar da shi gabas da katanga, na kafa masa 'yar rumfar zana. Hantsi yake sha, rana na take tsaka inuwa ta rufe shi. Rairayin na gauraya da tsohon takin awaki, don sabo ƙona saiwa yake yi. A gindinsa na binne tulu har wuya, na rufe bakin da murfin kwano. Cika shi nake yi duk kwana biyu, ruwan na tsattsafowa a hankali ta jikin yumɓun.

Ruwan sama a nan kusan duk a Yuli da Agusta yake, lokacin da ƙoramar Telwa ke kawowa. Abin da na tara a duro na furen ne, domin na famfo yana barin wani farin gishiri a saman ƙasa. Da hunturu kuwa ina rage masa ruwa, in wanke ƙurar ganyen da hannuna.

Uwar mijina takan ce, "'Yata, ruwan nan da tsadarsa, a abin da ba ya shiga miya?" Nakan ce, "Inna, ki bari ki ga gobe da safe." Furen yini ɗaya yake yi, ya buɗe da sassafe, da dare ya naɗe, washegari ya faɗi. Jiya huɗu ne suka buɗe tare. Na yanki rassa uku na kafa a gwangwanin tumatir, ɗaya Inna ce ta ce in ajiye mata a ƙofar ɗakinta.