Wa'adin yarjejeniya da wa'adin ɗinki

Mai ɗinki a Kaduna ba shi da kujera a teburin da gwamnatoci biyu ke ƙulla yarjejeniyar cinikin tufafin auduga, amma kwanan watan da suka sa a ƙasan takardar yakan iso har kan kekensa. Mu masu ƙananan kamfanonin ɗinki, idan muka ji an tsawaita irin wannan yarjejeniya, abu uku muke tambaya: shekara nawa aka ƙara, waɗanne kaya ta shafa, kuma da yadin wace ƙasa aka yarda a yi ɗinkin.

Abin ba sabo ba ne. A 1962, masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta unguwar Kakuri a Kaduna tana da shekara biyar da fara aiki, aka ƙulla babbar yarjejeniyar duniya kan tufafin auduga. Ita ta ba ƙasashe irin su Amurka damar zama da ƙasa ɗaya-ɗaya su yanka mata kaso: yadi kaza a shekara, riguna dozin kaza, ba ƙari. An sabunta ta a 1967 da 1970, a 1974 kuma aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da ulu da yadin roba. Ranar 1 ga Janairu 2005 aka soke kason baki ɗaya, manyan masaƙun Asiya suka samu fili. KTL ta riga ta tsaya tun 2002, UNTL, wata babbar masaƙar Kaduna, ta rufe a 2007. Ba zan ɗora wa soke kason laifin duka ba, domin rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri sun riga sun ci ƙarfin Kakuri.

Ƙofar da ta fi shafarmu daga baya ita ce AGOA, dokar Amurka ta 2000 da ta yafe harajin shiga ga tufafin wasu ƙasashen Afirka. A 2015 an ƙara mata shekara goma, zuwa ƙarshen Satumba 2025. Ga nauyin wannan yafiya a lissafi. Idan babu yafiya, asalin harajin rigar shan iska ta auduga kashi 16.5 cikin ɗari ne a Amurka. Idan kuɗinta dala 4 ne, harajin senti 66 ke nan. A dozin dubu ya kama dala 7,920. Ribar ƙaramin kamfani sau da yawa ba ta kai haka ba.

Abin da ya kamata masu sa hannu su riƙe shi ne, ana lissafa haraji ranar da kaya suka shiga can, ba ranar da suka bar Kaduna ba. Ku bi aikin daga farko. Mai saye zai turo zane da awo, a ɗinka samfuri, ya mayar da gyara, a sake. Zagaye biyu ko uku sun cinye wata guda ko fiye. Sai neman yadi. Kafin almakashi ya taɓa shi, a yanki gefe, a zana murabba'i mai santimita 50, a wanke, a shanya, a sake aunawa. Yadin auduga da ba a riga an tsuke shi ba yakan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wato wando mai tsawon inci 40 zai iya rasa inci biyu a wankin farko. Wanda ya tsallake wannan gwaji, kwali-kwali za a dawo masa da kaya. Daga nan a shimfiɗa yadin hawa-hawa, a yanka, a sa wa kowane hawa lamba, saboda bandir biyu masu launi ɗaya ba lallai rininsu ya zo daidai ba, kuma hannu daga wannan da gaba daga wancan sai rigar ta fito kala biyu a rana. Ɗinki, guga, ninki, kwali, mota zuwa Legas, jiran layi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, sannan makonni a teku. Shi ya sa mai saye ke ba da aiki wata shida zuwa tara kafin lokacin da yake son kaya. Idan saura wata biyar yarjejeniya ta ƙare kuma ba a ji komai ba, ba zai jira ba, wata ƙasa zai kai aikinsa.

An gani a 2012. Sashen AGOA da ya yarda a yi ɗinki da yadin wata ƙasa daban zai ƙare a Satumba, ba a sabunta shi ba sai a Agusta, bayan masu saye da yawa sun janye oda. Tsawaitawa ta shekara ɗaya ma kusan haka take. Wa zai ci bashi ya sayi keken sa maɓalli da injin yanka, ya horar da yara wata shida, kan alkawarin wata goma sha biyu?

Sai batun yadin gida, wanda nake so ƙwarai a ce da shi muke aiki. Audugar Funtua da kewaye ana shuka ta a Yuni zuwa Yuli, a tsince daga Nuwamba, kuma cibiyar bincike ta Samaru tana da irin da ta fitar domin yankinmu. Matsalar takan fara tun a gona: ana zuba auduga a buhun leda, zaren buhun ya tsinke ya shiga cikinta, injin gurza ya daddatsa shi. Wannan zare ba ya shan rini. Sai an gama saƙa an rina shuɗi za ka ga fararen layuka siri-siri a jikin yadi, kuma mai duba kaya na waje ba ya yafe su. Maganinsa buhun auduga ko na yadi tun daga tsinta, da ƴan tsince a bakin injin kafin a gurza, da ɗan ƙarin kuɗi ga manomin da ya kawo tasa tsaf.