Sauya ƙofofin kabad ɗin kicin da hannunka

A shagonmu na kafinta nan Katsina, aikin kicin ya fi kowane aiki shigo mana, musamman gab da salla da lokacin bukukuwa. Yawancin masu zuwa cewa suke a ɓalle kabad ɗin gaba ɗaya a yi sabo, alhali in an je an duba, jikin lafiyarsa ƙalau, ƙofofin ne kawai suka gaji: fenti ya koɗe, gindi ya kumbura, hinji ya saki. Ƙofa ita ke shan hannu da tururi da maiƙo, don haka ita ke fara mutuwa. Maigida mai haƙuri, ko uwargida mai ido, za su iya sauya su da kansu, muddin aka kiyaye awo kuma aka sayi kayan kirki.

Kafin a kashe ko sisi, a kwashe tukwane da kwanuka a duba jikin. A danna gindin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke da babban yatsa. In ya lotsa, ko ya yi kumburi yana marmashewa, ruwa ya riga ya ci shi. A leƙa kusurwoyi na baya ko akwai hanyar gara, wannan siririn ginin jar ƙasa da take ja a jikin bango. In akwai ɗaya daga cikin biyun nan, a dakata da maganar ƙofa, domin sukuru ba zai kama ruɓaɓɓen katako ba.

Awo shi ne rabin aikin, kuma da milimita ake yinsa. Inci yana da kyau wajen kujera da gado, amma a ƙofar kabad kuskuren milimita uku ya isa ya hana ta rufuwa. Kada a auna tsohuwar ƙofa a ce a yanka irinta, don wataƙila tun asali ba a yanka ta daidai ba, ko kuma ta kumbura. Jikin kabad ɗin ake aunawa, daga wajen gefe zuwa wajen ɗaya gefen. Idan ƙofar mai rufe jiki ce gaba ɗaya, a cire milimita 4 daga faɗi da kuma tsawo. Kabad mai faɗin 600 da tsawon 720, ƙofarsa 596 ce a 716. Mai faɗin 800 da ƙofa biyu, kowace ta zama 396. Wannan ragin shi ke barin 'yar tazara tsakanin ƙofa da 'yar'uwarta, don kada su riƙa gogar juna. Kuma kada ƙofa ɗaya ta wuce faɗin 600, nauyinta zai rinjayi hinji ta sunkuya.

Gidaje da yawa a cikin gari, da ma sababbin unguwanni, kicin ɗinsu ginin siminti ne: an zuba dakali an shimfiɗa tayil ko mabul a kai, sannan kafinta ya kafa firam na katako a bakin. Irin wannan sai an yi hattara, don da wuya magini ya fitar da bakin daidai. A auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsawo hagu da dama, sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. In awon biyu ya bambanta, bakin a karkace yake. Maganinsa a yi ƙofar da za ta hau kan firam ta rufe karkacewar. Wadda ake cusawa cikin firam tona asirin ginin take yi. A rubuta lamba a bayan kowace tsohuwar ƙofa da cikin kabad ɗinta, a kuma rubuta ko hagu take buɗewa ko dama.

Sai zaɓen allo. Ana sayar da shi ƙafa huɗu a ƙafa takwas, wato milimita 1220 a 2440, kuma kaurin da ya dace da ƙofa 18 ne. MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, yana da santsi, yana karɓar fenti da kyau, amma ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Da zarar ya jiƙa ya kumbura, ba ya komawa. HDF, irinsa ne da aka fi matsewa, ya fi shi tauri da nauyi. Ƙofofin da ke ƙarƙashin famfo kuwa, mu filawud mai jure ruwa muke sa musu ko da sauran kicin ɗin MDF ne. Masu son katako zalla su tuna da yanayinmu. Katakon da aka kawo daga kudu da ɗanyensa, in hunturu ya busa sai ya tsuke ya tsage, in damina ta sauka ya buɗe ya ƙi rufuwa. Sai wanda ya bushe sarai, shi ma a haɗa shi firam da allo a tsakiya yadda zai samu wurin motsi.

Nan ne masu aikin araha ke cutar mutane. Su kawo allo mai kaurin 15, su liƙa masa tef mai faɗi a gefe, su ce 18 ne. Mai gida ya ga sheƙi ya biya, yana murna ya samu sauƙi. Araha ba ta ado. Ka tafi da abin awonka wurin mai allo ka auna kaurin da kanka, ba rashin yarda ba ne, haka sana'ar take.

Yanka allon kuwa, shawarata a bar wa inji. Zarton hannu yana ɓantare fatar allo, layin kuma ba zai miƙe ba. Ka kawo mana awonka a rubuce, mu yanka, mu liƙa tef ɗin gefe a dukkan ɓangarori huɗu. Ɓangare huɗu na ce, har da na ƙasa da ido ba ya gani, domin ta nan ruwan goge ɗaki ke shiga. Wasu sukan bar shi tsirara don su rage tef na 'yan kuɗi kaɗan, ƙofar kuma ta nan take fara lalacewa. A gaya wa mai yanka ko awon da aka ba shi ya haɗa da kaurin tef, don tef na milimita 1 a gefe biyu ya ƙara wa ƙofa milimita 2. In an kai su gida a kwantar da su a ƙasa mai lebur, cikin inuwa. Jingina su a bango cikin rana yana lanƙwasa su.

Hinjin zamani, wanda ke ɓuya a ciki, yana da kofi da ke shiga rami a bayan ƙofa. Faɗin ramin milimita 35, zurfinsa 12 zuwa 13. Tsakiyarsa ya kasance milimita 22 da rabi daga gefen ƙofa, kuma kamar 100 daga sama da 100 daga ƙasa. Ga dalilin da ya sa allon 15 ba ya yi: in an haƙa 13, abin da ya rage bai fi biyu ba, tsinin bakin injin sai ya huda fuskar ƙofa. Mai haƙawa a gida ya naɗa tef a bakin injin ya zama alamar zurfi, ya fara gwadawa a guntun allo, ya kuma riƙe injin a tsaye cak. In babu bakin 35 ɗin, a haƙa a shago, aikin minti kaɗan ne. A duba kada ramin ya faɗo daidai inda kanta take a cikin kabad.

Hinjin iri uku ne, kuma a hannunsa ake gane shi. Mai miƙaƙƙen hannu na ƙofar da ke rufe gefen kabad duka ne. Mai ɗan lanƙwasa na inda ƙofa biyu suka raba gefe ɗaya ne. Mai lanƙwasa sosai na ƙofar da ke shiga ciki ne. In aka saya ba daidai ba, babu juya sukurun da zai gyara. Ƙofar da ba ta wuce tsawon 900 ba hinji biyu ya ishe ta, zuwa 1600 a sa uku, doguwar ta ɗakin ajiya huɗu. Blum na Ostiriya da Hettich na Jamus su ne sanannu a duniya, sai dai kasuwa cike take da kwaikwayo. A ɗauka a ji nauyinsa a tafin hannu, a buɗe a rufe. Na banza shafal yake, hannunsa na girgiza tun yana sabo, kuma tururin girki na sa shi tsatsa cikin ɗan lokaci.

Wajen ɗaurawa, a fara da ƙofa a kwance a kan bargo ko kwali. A sa kofin a rami, a daidaita shi da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, a yi ƙaramin huji na milimita 2 kafin a ɗaura sukuru mai tsawon 16. A ƙarasa ɗaurin da sukundireba ta hannu, don inji yana zarcewa ya cinye ramin. Farantin hinjin, wanda ake ɗaurawa a jikin kabad, in ƙofar mai rufe gefe ce ramukansa na milimita 37 daga bakin gaba, tsakaninsu 32. In tsohon rami ya yi faɗi, a cusa tsinken ashana da farin gam, a bar shi ya kwana, a yanke abin da ya fito, sannan a ɗaura. A kama hinjin sama tukuna, wani ya tallafe ƙofar daga ƙasa.

Kada a damu in ƙofofin sun fito a karkace da farko, ba a kai ga saiti ba ne. Sukurun gaba yana kai ƙofa hagu ko dama, na baya yana turo ta waje ko ya ja ta ciki, na jikin faranti yana ɗaga ta ko ya sauke. Rabin juyi ake yi, a rufe, a ja da baya a duba. A rataye duka kafin a fara, sannan a bi su daga gefe ɗaya zuwa ɗayan, ana daidaita layin sama. Kicin ɗin da tazararsa ta tafi bai ɗaya daga farko har ƙarshe, ko allonsa ba mai tsada ba ne, daga bakin ƙofa ake gane aikin gwani ne.

Mariƙi shi ne na ƙarshe. Tazarar ramukansa yawanci 96 ce ko 128 ko 160. A yi ma'auni da guntun filawud a riƙa ɗora shi a kan kowace ƙofa, a huda daga fuska da baki na milimita 5, a tokare baya da guntun katako don kada fatar ta ɓantare. Kabad ɗin da tukunyar gas ke ciki a buɗe masa ramukan iska ta ƙasan ƙofa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake taruwa. Ledar da ke kan fuskar allo a bar ta sai an gama komai, sannan a ɓare a goge da ɗanyen tsumma da aka matse sosai. Bayan mako biyu a sake bin sukuran hinji a ƙara matse su.