Wasiƙa daga Zambiya: gadar da ta lanƙwashe kamar baka

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na Gombe. Ina gaida kowa, tun daga Jekadafari har Tudun Wada, da fatan an shiga kaka lafiya.

Shekarata goma sha biyu ke nan a garin Livingstone, kudancin Zambiya, ina sayar da kayan gyaran mota da nake sarowa daga Afirka ta Kudu. Duk kwalin da ya shigo shagona sai ya tsallake Kogin Zambezi a wani wuri da ake kira Kazungula, kimanin kilomita 70 daga nan. Don haka abin da zan ba ku labari, da idona na gan shi.

Da na zo, babu gada. Jirgin fito ne, wani faffaɗan ƙarfe mai inji, ya ɗauki tirela ɗaya ko biyu ya kai gaɓar Botswana, ya juyo. In injin ya lalace, shi ke nan, kowa ya shimfiɗa tabarma. Motocin da suka ɗauko jan ƙarfe daga Kwango da arewacin Zambiya za su tashar jiragen ruwa ta Durban, sai su yi layin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Direba da yaron motarsa su yi girki a gindin taya, su yi wanki su shanya a jikin bodi. Ni kaina na taɓa yin kwana tara ina jiran kayan da nake hango motarsu a tsallake. Ga kada ga dorina a ruwan. A 2003 jirgin ya kife da babbar mota, mutum 18 suka rasu, tsofaffin direbobi har yau suna maganar.

A 2014 aka soma aikin gada, kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu ya gina, da kuɗin ƙasashen biyu da rance daga Bankin Raya Afirka da kuma Japan, kusan dala miliyan 259. Ranar 10 ga Mayu 2021 Shugaba Edgar Lungu na Zambiya da Mokgweetsi Masisi na Botswana suka buɗe ta. Tsawonta mita 923.

Duk baƙon da na kai wurin, tambayarsa ɗaya: me ya sa ta karkace haka? A wannan kusurwa ƙasashe huɗu ne suka kusa haɗa kai: Zambiya, Botswana, Namibiya da Zimbabuwe. Iyakar da Zambiya da Botswana suka haɗa ba ta wuce mita 150 da 'yan kai ba, a tsakiyar ruwa. Zimbabuwe ta zamanin Mugabe ba ta shiga aikin ba, don haka injiniyoyi suka lanƙwasa gadar kamar baka, ta bi ta wannan 'yar ƙofa ba tare da ta taka ruwan maƙwabta ba. Kamar dai mai gini a Bolari ya karkata katanga don kada filin maƙwabci ya kai shi gaban mai unguwa.

Amma ku tambayi direbobi abin da ya fi faranta musu rai, ba za su ce muku siminti ba. Ofishi za su ce. A da sai ka tsaya wurin kwastam da jami'an shige da fice na wannan ƙasa, ka tsallaka, ka sake bin layi a waccan. Yanzu jami'an ƙasashen biyu suna zaune ƙarƙashin rufi ɗaya a gaɓar ƙasar da za ka shiga. Tsayawa ɗaya, hatimi biyu, ka kama hanya. In takardunka sun cika, abin da ke cin mako ya koma awoyi. Ana samun ranakun da kwamfuta ke tsayawa layi ya taru, ban ce babu ba, amma tun da aka buɗe ban sake kwana a bakin ruwan nan ba.

A tsakiyar gadar an shimfiɗa layin dogo, yana jiran ranar da za a haɗa shi da na ƙasashen biyu. Duk lokacin da na gan shi sai tashar jirginmu ta Gombe ta faɗo mini, layin da ya ratsa Bauchi ya kai Maiduguri tun 1964. Na bar wannan maganar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na ga matasanmu a Facebook suna ta kiran a gina mana manyan gadoji zuwa Kamaru irin ta Mfum da aka buɗe a Kuros Riba a 2022. Ina tare da ku. Sai dai ku dubi Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin: gada na nan garau a kan Kogin Kwara, amma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka toshe ta, mutane suka koma kwale-kwale a ƙarƙashinta. Mu ma mun rufe iyakokinmu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma 'yan kasuwa sun san kuɗin da suka yi asara.

Bara da na zo gida, na bi motar ƙanena da ta ɗauko masara da wake daga Tudun Hatsi zuwa Yola, ta Kaltungo da Numan. Ƙasa ɗaya ce, ba mu tsallake iyakar kowa ba, amma na daina ƙirga shingaye bayan na goma sha biyar, kowane da hannu a miƙe. Daga Kazungula zuwa ƙofar shagona ban taɓa tsayawa haka ba.

Ina roƙon direbobinmu masu bin hanyar Mubi da Garwa: a tafiya ta gaba, a samu yaron mota ya riƙe biro da takarda, ya rubuta kowace tsayawa, minti nawa ta ci, naira nawa ta ci. Idan 'yan majalisa sun zo neman ƙuri'a da alkawarin gada, a miƙa musu takardar. In Allah ya yarda ina tafe da babbar Sallah, zan so in ga kwafinta.

Naku,
ɗan Gombe a Livingstone