Inda na kai wajen daidaita baki da murya a faifan DVD

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki, ga inda aka kwana game da tafsirin azumin da na naɗa daga dish nake son mayarwa faifai, saboda dattawan gidanmu da ba su da abin kallo sai na'urar DVD. Damuwar dai ita ce wadda kuka sani. Fayil yana tafiya lafiya lau a dikoda, haka ma a kwamfuta, amma da an ƙona shi a faifai sai ka ga malam ya rufe baki murya tana ci gaba, ko ya buɗe baki sai can maganar ta biyo. Abin da na tabbatar yanzu shi ne faifan ba ruwansa. Canja kamfanin faifai ko rage gudun ƙonawa zuwa 4x yana maganin tsalle da sarƙewa, amma ba ya taɓa wannan ciwo. Saɓanin yana shiga ne tun kafin faifan ya hau tire.

Kafin ku taɓa komai ku auna, kuma a wuri uku: farko, tsakiya, ƙarshe. Ni da VLC nake yi, manhajar kallon bidiyo a kwamfuta. Maɓallin K yana jinkirta sauti, J yana dawo da shi gaba, kowane dannawa milisakan 50. Sai in nemi inda kyamara ta matso fuskar mai magana, in zuba wa leɓɓansa ido. Harafin "b" da "m" ba sa fita sai leɓe ya haɗu da leɓe, don haka basmalar buɗe karatu ta ishe ka ma'auni: haɗuwar farko, sannan ta biyu a tsakiyar kalmar. In ta danna maɓallin har haɗuwar leɓen ta zo daidai da sautin, sannan in rubuta lambar da VLC ta nuna a takarda. Lambobi ukun nan su ke gaya maka irin ciwon.

In lambar ɗaya ce a ko'ina, ka yi sa'a. Hakan na faruwa ne saboda dikoda ba ta fara naɗi a kan cikakken hoto, sai sauti ya riga hoto shiga fayil ko hoto ya riga shi. MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, kan nuna wannan tazara, kuma a Avidemux, manhajar yanka bidiyo, akwai akwatin da ake rubuta ta a matsar da sautin gaba ɗaya. Minti biyar an gama.

In kuwa tazarar tana ƙaruwa a hankali, daidai wa daida, farko babu, tsakiya rabi, ƙarshe ninki, to lissafi ne ya saɓa. Sautin DVD ana ɗaukar samfurinsa sau 48,000 ne a sakan, na faifan CD sau 44,100. Idan manhaja ta ɗauki na biyun a matsayin na farko, sautin awa guda zai ƙare a minti 55 da 'yan sakanni, muryar ma ta sirance. Haka yake a ɓangaren hoto. Talabijin ɗinmu na nan yana tafiya ne a kan firem 25 a sakan (firem shi ne hoto guda cikin jerin hotunan bidiyo), wato tsarin PAL, mai faɗin 720 da tsayin 576. Na Amurka, NTSC, 29.97 ne. Manhajoji da yawa na haɗa faifai suna zuwa a saite a kan na Amurka, kuma ba duka ba ne suke juya ɗaya zuwa ɗaya da kyau. Ku duba wannan saitin tun kafin ku jawo fayil ciki. Masu naɗa ta wayar ja da fari da rawaya zuwa katin kwamfuta su ma suna gamuwa da irin wannan, domin agogon katin sauti daban, na katin hoto daban. Maganinsu shi ne a miƙa sautin ko a tsuke shi da ɗan abin da ya saɓa.

Nawa bai faɗa ko ɗaya cikin biyun nan ba, kuma a nan na fi daɗewa. A wani zama na minti hamsin, farko daidai yake, har wajen minti na ashirin babu abin cewa. Daga nan sai kwatsam murya ta koma baya da kusan rabin sakan, ta tsaya a haka, can gaba kuma ta ƙara. Da na koma asalin fayil ɗin na je daidai wurin, sai ga hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, fuskar malam ta daskare, sauti ya yi ƙit, sannan komai ya dawo. Ranar hadari ya taso lokacin naɗin. Duk mai dish ya san yadda ruwan sama yake cin sigina.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Tashar tana aiko da shiri ne a ƙananan ƙunshi masu bayit 188 kowanne, na hoto da na sauti a cakuɗe, abin da dikoda take ajiyewa da sunan TS. Hoton da sautin kowanne yana ɗauke da hatimin lokacin da ya kamata a fito da shi, ana ƙirga shi da agogo mai bugu 90,000 a sakan. Idan ruwa ya cinye wasu ƙunshin, dikoda ko VLC ba sa ruɗewa, hatimin kawai suke bi, su tsallake giɓin su ci gaba a daidai. Shi ya sa fayil ɗin yake yaudararmu, muna ganinsa lafiyayye. Manhajar haɗa faifai kuwa sau da yawa raba hoto da sauti take yi, ta zubar da hatiman, ta jera kowanne daga ɗaya zuwa ƙarshe, sannan ta sake haɗa su a fayilolin VOB, waɗanda su ne bidiyon da ke cikin faifan DVD. Kamar littattafai biyu ne na warƙoƙi da ba a ɗinke ba, matani da sharhinsa, aka goge lambobin shafi bayan wasu warƙoƙin matanin sun zube: duk wanda ya jera su ɗaya bayan ɗaya, daga inda aka yi asarar sharhi ba zai ƙara hawa kan mataninsa ba. Firem ɗaya a PAL milisakan 40 ne. Firem goma suka ɓace, hoto ya yi gaba da milisakan 400, kuma ba zai dawo ba har ƙarshen faifai. Wani giɓin ya sake zuwa, a ɗora a kan na baya.

Matsar da sauti ba ya maganin wannan, don in ka gyara ƙarshe ka ɓata farko. Dole a gyara fayil ɗin tun hatiman suna jikinsa. Abin da ya yi mini aiki shi ne ProjectX, tsohuwar manhaja ce kyauta da ke buƙatar Java, fuskarta ba ta da kyan gani amma aikinta tsaf. Tana karanta hatiman, ta jefar da rukunin hotunan da suka lalace, ta rage ko ta cike sautin daidai gwargwadon abin da ta jefar, sannan ta ba ka fayil biyu masu tsawo ɗaya, m2v na hoto da mp2 ko ac3 na sauti. Ku riƙa karanta rahoton da take fitarwa, yana faɗin kowane wuri da ta tarar da ɓarna da lokacinsa. Na gwada lokutan da ta lissafa da waɗanda na rubuta a takarda, suka zo ɗaya. Daga nan na kai fayilolin biyu DVDStyler, manhajar haɗa faifai, kuma tazarar ta tafi daga farko har ƙarshe. A wurin da ruwa ya ci akwai ɗan tsalle, kalma ɗaya ko biyu sun tafi, wannan kam babu mai dawo da su.

Iyakar ProjectX ita ce MPEG-2 kaɗai ta sani, wato tsarin matse bidiyo da DVD ke amfani da shi. Tashoshi da yawa yanzu wani tsarin daban mai suna H.264 suke aikowa, wanda DVD ba ya karɓa sai an sake juya shi. A nan ffmpeg nake amfani da shi, manhajar juya bidiyo da ake rubuta wa umarni, kai tsaye daga TS ɗin ba tare da na raba komai ba. Umarnin -target pal-dvd yana saita girman hoto da firem 25 da sautin 48,000, shi kuma -af aresample=async=1 yana sa a cike giɓin sauti ko a datse shi bisa hatimin lokaci. Ko tashar MPEG-2 ce, ku duba faɗin hotonta. Wasu 544 ko 480 suke aikowa don tsimin hanya, DVD kuwa 720 ko 704 ko 352 ya yarda da su, don haka juyawar ba makawa.

Jerin aikin yana da muhimmanci ƙwarai, kuma ina ganin a nan yawancinmu muke tuntuɓe: gyara tukuna, yanka daga baya. Wanda ya fara cire tallace-tallace a fayil mai giɓi ya ƙara wa kansa aiki. Wajen yankan ma akwai ƙa'ida. Ba kowane firem ne cikakken hoto ba, cikakken yakan zo ne kusan duk rabin sakan, sauran bambanci kawai suke ɗauke da shi. A Avidemux kibiyar sama da ta ƙasa suna kai ka kan cikakkun, a kansu ake yanka in ba a son sake juya hoton. Sannan gutsuren sautin MP2 milisakan 24 ne, na AC-3 32, na hoto 40, ba sa ƙarewa a wuri guda. Kowane yanka yana iya barin 'yar ɓaraka, shiri mai talla takwas kuwa sai ɓarakar ta taru. Shi ya sa nake sake aunawa bayan yanka.

Wani abin lura ga masu naɗa a filashi: in tsarinsa FAT32 ne, fayil ba ya wuce gigabayit 4, don haka dikoda takan daddatsa dogon shiri gida-gida. Kada ku ba manhajar faifai guntayen ɗaya bayan ɗaya. Ku fara haɗe su da copy /b a Windows su zama fayil guda, sannan a shiga gyara.

Kada kuma neman daidaito ya hana ku barci. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna mutane suna fara lura ne idan sauti ya riga hoto da kusan milisakan 45, ko ya makara da kusan 125. Kunne ya fi haƙuri da makara saboda haka duniya take, kana ganin mai faskare daga nesa ya sauke gatari kafin ƙarar ta iso. Don haka in na rasa tsakiya, gara in bar sautin ya ɗan makara da ya yi gaba.

Yanzu ba na ƙona komai sai na buɗe jakar VIDEO_TS, wadda manhajar haɗa faifai ke fitarwa, a VLC na duba wuraren nan uku, sannan in sa a DVD-RW mai goguwa in gwada a ainihin na'urar da za a kalla da ita. Gwajin nan ya nuna mini wani abu da ban gama da shi ba. Faifan da ya zauna daidai a tsohuwar talabijin mai ƙeya, da aka sa shi a sabuwa mai faɗi aka bi da sautin ta amfilifaya daban, sai murya ta ɗan riga baki, domin sababbin talabijin suna ɗaukar lokaci suna sarrafa hoto kafin su nuna shi. Wannan gyaransa a saitin jinkirin sauti na na'urar yake, ba a taɓa faifan. Shi zan bi a mako mai zuwa, tare da zama biyu na H.264 da ruwa ya fi yi wa ɓarna, in ga ko ffmpeg zai iya da su ko sai na yanke wuraren da hannu.