Ƴar wuƙar daji da ta koma aikin girki

Sana'ata sayar da wuƙaƙe da washi, ɗan shago gare ni a gefen kasuwar Wunti nan Bauchi, ni da yara biyu, ɗaya na kan injin washi ɗaya na kula da kaya. Masu zuwa wajenmu mahauta ne da masu suya da masu shayi da matan gida, sai kuma gab da babbar sallah da kowa ke tuna wuƙarsa ta dakushe, wannan satin ko zama ba ma samu.

Akwai wata ƴar wuƙa da na fara kawowa saboda wani direba mai kai baƙi Yankari, shi ya dame ni in nemo masa irin wadda ya gani a ƙugun wani Bature. Morakniv sunanta, a garin Mora na ƙasar Suwidin ake yinta, kamfanin tun 1891 asalinsa. Tsawon bakinta wajen santimita 10 ne kawai, ƙotar roba, da kubenta na roba mai maƙalawa a bel. Don zaman daji aka ƙera ta, fiƙe itace da yanke igiya da gyaran kifi a bakin ruwa. Da kayan suka iso na ɗau ɗaya na kai gida, don ni ba na sayar wa mutum abin da ban taɓa da hannuna ba.

Toh abin da na gani shi ne, mu nan yawancin yankanmu a hannu muke yi ba kan katako ba. Uwargida za ta riƙe albasa a hannun hagu ta tsattsaga ta sannan ta bi ta tana zubawa kai tsaye cikin kwano, kuɓewa ma haka, attaruhu haka, alayyahu a dunƙule shi a hannu a yi ta shaftarsa. A irin wannan aikin doguwar wuƙa nauyi ce kawai, ita kuwa wannan ta zauna a tafin hannu daram, ƙotar ba ta zamewa ko hannu da ruwa ko da maiƙo. Ranar da uwargida ta yanka kuɓewa da ita na tsaya ina kallo, sirara sirara suna faɗawa, yauƙin bai sa ta suɓuce ba ko sau ɗaya. Wajen nama kuma wallahi ta burge ni, cire jijiya da kitse, bin gaɓar kaza, fiɗar akuya, tsininta na shiga lungun da babbar wuƙa ba ta shiga.

Amma ina gaya wa duk mai saya gaskiya kafin ya ba da kuɗinsa. Jikinta da kauri, kuma an wasa ta ne gefe biyu kamar bakin gatari, shi ya sa in ka danna ta a karas ko ɗanyen dankali ba yankawa take ba, fasawa take, sai ka ji ƙas ya tsage. Ferar doya tana cin doyar da yawa. Kabeji da kankana kuwa bakin ya yi gajarta, sai ka yi ta zagayawa. In kuma kan katako kake aiki, yatsunka ne za su riƙa buga katakon tun kaifin bai kai ƙasa ba. Shi ya sa masu suya nake hana su, su wuƙarsu doguwa mai faɗi ta maƙeranmu ita ce daidai da yanka nama falle falle, ba abin da zai maye ta.

Sai maganar tsatsa, nan ne muka fi samun matsala da mutane. Iri biyu ce, akwai ta baƙin ƙarfe akwai wadda ba ta tsatsa. Ta baƙin ƙarfen ta fi saurin ɗaukar kaifi, ja biyar shida a dutse ta dawo, amma tumatir da albasa da lemon tsami suna sa ta yin baƙi nan take, wannan ba komai ba ne, kala ce kawai. Abin da ke kashe ta shi ne a bar ta a jiƙe. Wata Hajiya ta dawo mana da tata bayan sati biyu ja wur, ranta a ɓace, ashe da damina ce kuma yarinya ke wankewa ta mayar cikin kube da ruwanta. Na ce Hajiya ki yi haƙuri laifina ne da ban yi miki bayani ba, na goge mata da toka da ɗan yashi mai laushi, na shafa man gyaɗa na wasa mata kyauta. Tun daga ranar duk wadda za ta fita daga shagona sai na faɗa, a wanke a goge ta bushe kafin ta shiga kube, kuben ma a riƙa wanke cikinsa don jini da ruwan nama na taruwa a ƙasan. Matan gida yanzu wadda ba ta tsatsa nake ba su, ta baƙin ƙarfen kuma mafarauta da mahauta da suka san kula da ƙarfe.

Ƙashi ne kawai nake roƙo dan Allah kar a sara da ita, wannan aikin adda ne ko gatari. Jiya ma wani yaro ya kawo ta babansa bakin duk ya ɓalgace saboda ƙafar saniya, sai da muka ci kusan rabin awa a dutse kafin giɓin ya ɓace, kuma ƙarfen da ya tafi ba dawowa zai yi ba.